Haɗejiya a Ƙafa: Abin da Garu da Tukunya Suke Faɗa

Wanda ya ratsa Haɗejiya a mota zai ga tasha da gidajen mai da jerin shaguna, ya wuce yana zaton ya ga gari. Tsohon birnin yana can baya, cikin lungunan da aka yanka su daidai faɗin jaki da kayansa, kuma sai da ƙafa ake shigarsa. Mai tafiya a ƙafa kuwa, tun kafin ya tambayi kowa tarihi, sunayen unguwanni za su fara ba shi labari. Majema wurin jima ne, inda ake sarrafa fata. 'Yankoli mazaunin masu ƙananan haja ne. Kasuwar Ƙofa ta faɗi inda take da bakinta. Sabon Garu na nuna cewa akwai tsoho, wato gari ya taɓa cika har aka buɗa masa ganuwa. Gagulmari da Yayari kuma, da wannan ƙarshe nasu irin na sunayen garuruwan Barebari, suna tuna wa mutum cewa fuskar wannan ƙasa ta daɗe tana duban gabas kafin ta juya yamma.

Kafin jihadi babu wata masarauta guda da ta haɗe yankin. Ƙananan sarautu ne a warwatse a bakin fadama, irin su Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da ita Haɗejiyar kanta, suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima. Garun Gabas ce ake dangantawa da Biram ta cikin Hausa Bakwai, Auyo kuma ta fi Haɗejiya tsufa da suna a wancan zamani. Labarin da ake bayarwa na asalin sunan garin, cewa wani maharbi ne Haɗe da matarsa Jiya suka fara zama a wurin, irin labarin nan ne da kusan kowane tsohon gari yake da nasa. Abin lura a cikinsa shi ne maharbi ba ya yada zango sai inda dabba ke zuwa shan ruwa.

Birnin da ake takawa yau aikin ƙarni na 19 ne. Fulanin da ke kiwo a fadamar sun karɓi tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma Sambo, wanda ya yi sarauta daga 1808 zuwa 1845, shi ya mai da Haɗejiya cibiya, ya faɗaɗa ta, ya tattara sauran sarautun a ƙarƙashinta. Ɗansa Buhari ne ya sa sunan garin ya zama abin tsoro. Ya hau gado a 1848, ya saɓa da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo da ƙarfi ya ƙwace garin a 1851. Rundunar da Sakkwato ta tara don ladabtar da shi ta sha kashi a Kaffur, abin da har yau ake kira Gamon Kaffur. Daga nan ya yi ta kai hari gabashin ƙasar Kano da maƙwabta har ya faɗi a yaƙi da Badawa a Gorgoram a 1863. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya bi hanyar Kano zuwa Kukawa a 1851, ya rubuta yadda sunan Buhari ya hana fatake sakewa.

Wannan tarihi yana da alaƙa kai tsaye da gini. Sarkin da ya yi shekara goma sha biyu yana gaba da daular da ta kewaye shi ba shi da abin dogaro bayan dawakinsa sai ganuwa. Ita kuwa ganuwa ba a gina ta sau ɗaya a huta. Kowace damina sai ta zaftare wani sashe, kowane rani sai an tara jama'a an yi yaɓe. Ƙasar da ake ginin da ita a cikin gari da gefensa ake haƙo ta, ramukan da aka bari su ne kududdufai, waɗanda suke zama matattarar ruwan sama. Saboda haka tsayin garu da zurfin kududdufi abu ɗaya ne aka duba ta fuska biyu. A yau abin da ya rage na garun ɗan kaɗan ne, gidaje sun hau kan mafi yawansa, sai sunayen ƙofofi irin su Ƙofar Arewa da Ƙofar Mandara da ke nuna wa mai tafiya inda iyakar birni ta taɓa tsayawa.

A cikin tsofaffin unguwanni har yanzu mutum zai ci karo da gidan ƙasa na ainihi, ko da an lulluɓe fuskarsa da siminti. Tsarinsa sananne ne a ƙasar Hausa: zaure a bakin hanya inda maigida ke karɓar baƙi, sai a karkata a shiga wani soro don kada idon mai wucewa ya kai tsakar gida. Bango na tubali ne mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama, rufi na azarar giginya da gara ba ta cika ci ba, indararo na fitar da ruwa nesa da gindin katanga, makuba kuma, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana hana ruwa ratsa yaɓe. Duk wannan dabara an yi ta ne domin ruwan da ke zubowa daga sama. Ruwan da ke tasowa daga ƙasa ya kwanta a gindin bango kwana da kwanaki, babu makubar da ke maganinsa. Shi ya sa magabata suka fi kula da inda za su yi gini fiye da yadda za su yi shi, suka zauna a kan tudu a arewacin kogi, suka bar kwari ga shinkafa da shanu.

Lungunan da ke kewaye da fada su ne filin yaƙin 25 ga Afrilu 1906. Turawan Ingila sun riga sun ci Kano da Sakkwato tun 1903, amma Sarki Muhammadu bai taɓa sakin jiki da su ba. Bayan abin da ya faru a Satiru a farkon wannan shekara, Lugga ya ƙudura cewa ba zai bar wani gari mai garu yana ɗaga kai ba, ya turo runduna ƙarƙashin Kanar Lowry Cole. Mahayan Haɗejiya suka fuskanci bindiga mai ruwa da takobi da mashi, aka yi ta gwabzawa titi-titi har zuwa gidan sarki, inda aka kashe shi tare da 'ya'yansa da manyan bayinsa da dama. Mai Shahada ake kiransa tun daga ranar. Kyaftin Phillips, Baturen da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi, shi ma a Haɗejiya kabarinsa yake. A ganina babu wani wuri a Jigawa da ya fi wannan 'yar tazara cancantar a kiyaye ta a kuma bayyana ta ga baƙo, amma mai ziyara ya dogara ne ga dattijon da ya yi sa'ar samu a bakin zaure.

Wani abin da ya tsare tsohon fasalin garin, ba da niyya ba, shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 ya bi ta Malam Madori ne, bai shigo Haɗejiya ba. Can kamfanonin sayen gyaɗa suka kafa rumbunansu, birnin sarki kuma ya ci gaba da zama da kasuwancinsa na kogi.

Kogin ne kuwa ke cika tukunya. Ruwan Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, wanda da ya wuce garin sai ya rarrabu cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya gauraya da na Jama'are, ragowar ta bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Ambaliyar shekara-shekara ita ce ta tsara abincin mutane. Idan ruwa ya hau, shinkafa na tashi tare da shi, kifi ya bazu cikin ciyawa ya hayayyafa. Idan ya janye, masunta su tare shi a bakin magudanai, manomi ya bi danshi da wake, Bafillatani ya sauko da garkensa. Fili ɗaya, amfani uku a shekara. Tuwon shinkafa da miyar kifi, da fura da nonon da ake damawa a bakin kasuwa, duk daga wannan zagaye suka fito.

Hanci ne ke kai baƙo kasuwar kifi kafin ido. Tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da ragon ruwa, ɗanye da banda, ana ɗaure su a kwali ana lodawa zuwa Kano da kudancin ƙasa. Banda ita ce amsar masunci ga zafin rana da nisan hanya tun kafin a san ƙanƙara, kuma ita ta mai da kifin fadama hajar fatauci. A gefe akwai cinikin busassun kwaɗi, waɗanda mutanen gari ba su ci amma sun gane akwai masu saye a Kudu. Burabusko, wanda Barebari suka fi shahara da shi, ya zauna daram a gidajen wannan yanki, kamar yadda kanwar da ke sa ɗanwake ya yi danƙo ta saba zuwa daga gabas. Alkama kuwa, wadda a da ake ba ta ruwa da jigo don alkaki da funkason masu hali, ta bazu a fadamar bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, daidai lokacin da ƙananan injunan ban-ruwa suka yawaita.

Tun 1974 wannan zagaye ya fara sauyawa, da aka kammala madatsar Tiga, sannan ta Challawa a 1992. An yi su ne don noman rani da ruwan shan Kano. Faɗin ƙasar da ruwa ke mamayewa a fadamar ya ragu ƙwarai, fari ma ya taimaka. Masanan da suka auna lamarin a farkon shekarun 1990, irin su Edward Barbier da William Adams, sun nuna cewa idan aka haɗa kifi da shinkafa da itace, ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi wanda aka tare a manyan gonakin sama riba. Ba a saurare su sosai ba. Illar da ta fi bayyana ta zo ta wata hanya: kogin da a da yake ƙafewa da rani yanzu ana sako masa ruwa duk shekara, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki masu cinye shinkafa a gona. Wani sashe ya bushe, wani ya nutse.

Da hanyoyin suka toshe, ruwan damina mai yawa ba shi da mafita sai gefe. A 2018 da 2020 da 2022 ambaliya ta ci gonaki da ƙauyuka a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, ta kuma matso birnin. Wanda ya bi ta kudancin gari zuwa bakin kogi a watan Satumba na irin waɗannan shekaru zai tarar da matasa a kan jinga, dare da rana, suna cika buhuna da ƙasa suna toshe inda ruwa ya fara ɓula. Gayya ce irin wadda kakanninsu suka yi wa ganuwa. A cikin gari kuma, gidajen da suka fara zubewa su ne na tubali, kuma duk wanda ya samu halin sake gini, bulo da kwano yake saye.