Yadda Aka Horar Da Abubakar Imam A Kan Rubutun Hausa

Tun kafin zuwan Turawa malaman ƙasar nan suna da hanyarsu ta bi da almajiri mai kaifin basira. A makarantar zaure ba a ɗaure shi da tafiyar 'yan'uwansa. Idan ya gama Ajurumiyya sai a ɗora masa Alfiyyar Ibn Malik, in malam ya ga harshensa ya faɗa, sa'an nan ya buɗe masa Maƙamatul Hariri da waƙoƙin Larabawan Jahiliyya. Amma duk wannan horo na Larabci ne. Hausa kuwa, ana wa'azi da ita cikin waƙa, a rubuta da ajami, amma ba wanda ya ɗauke ta abin da za a zaunar da yaro a koya masa tsara labari da ita.

Makarantar boko ma da fari ba ta gyara wannan ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe cikin 1922, ita ce matattarar yaran da aka zaɓo daga larduna saboda fahimtarsu, amma can Turanci ne sarki. Nan Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara cikin 1911, ya yi karatu, ya fita cikin 1932, ya zama malami a Makarantar Midil ta Katsina.

To, cikin 1933 sai Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, domin waɗanda suka koyi karatun boko ba su da abin karantawa sai littattafan aji. Ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su rubuto, ya sha wuya kuwa, don manyan malamai suna ganin alƙalami ya fi ƙarfin tatsuniya, wadda a wurinsu hirar mata da yara ce. Daga abin da aka aiko aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa mai karatu ya lura da shi. East bai tsaya ga ba da lada a watse ba. Ya ga saurayin nan na Katsina yana da bakin da zai sa mutum dariya ko yana cikin fushi, ya kuma ga yana da halin ɗauko labari daga littattafan da ya karanta, ya sa masa rigar Hausa har a kasa gane baƙo ne. Wani malamin da sai ya tsawata masa a kan wannan, ya kashe masa gwiwa. Shi kuwa sai ya mai da halin nan jari. Cikin 1936 ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina, ya zo Zariya ya yi wata shida. Aka tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Alfu Laila wa Laila. Ya karanta, ya rufe, ya rubuta nasa, sa'an nan su zauna su biyu su bi rubutun, a gyara, a rage, wani wurin a sake shi ɗungum. Malami ɗaya ne da ɗalibi ɗaya, watau dai tsarin zaure, sai dai wannan karon malamin Bature ne, darasin kuma Hausa.

Abin mamaki, Imam ya fi malaminsa jin Hausa nesa ba kusa ba. Me East zai koya masa ke nan? Tsari ne: inda labari zai fara da inda zai tsaya, da sauƙaƙa magana don wanda bai daɗe da koyon karatu ba, da kiyaye kada mugu ya ƙare da nasara. Karin magana da ba'a da zaurance kuwa, ya bar wa mai su.

Daga zaman nan aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, na farko ya fito cikin 1937. Wanda ya karanta labarin Sarkin Busa ba zai taɓa zaton asalinsa daga wani gari ne na Jamus ba. Akwai masana da suka zo daga baya suna cewa horon ya yi wa Imam shinge, ya saba masa da juya labarin wasu maimakon ƙago nasa. Maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba.

Sauran huɗun ba wanda ya sami irin wannan zama na wata shida. Tafawa Ɓalewa, wanda Shaihu Umar ya nuna zurfin tunaninsa, koyarwa da siyasa suka ɗauke shi, ya zama Firayim Minista cikin 1957, bai sake rubuta wani labari irinsa ba. Imam kuwa, da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin Janairu 1939, shi aka ɗauko ya zama editanta na Hausa, ya koma Zariya gefen malaminsa, a nan kuma Allah ya karɓi ransa cikin 1981.