Iyakar Ƙaunar Ubangiji: Gardamar Majalisar Dort, 1618–1619

Kiristoci ba su taɓa saɓawa a kan cewa Ubangiji mai ƙauna ne ba. Inda suka saɓa shi ne wa da wa ƙaunar nan ta game: 'yan Adam duka, ko kuwa waɗanda ya zaɓa tun fil'azal? Wanda ya bi tarihin mas'alar zai ga rabinta gardamar ma'anar kalmomi ce.

Tushenta yana Afirka ta Arewa. Agustin, bishop na Hippo, wanda ya rasu cikin 430, ya koyar da cewa ceto kyauta ce, Ubangiji ke ba wanda ya ga dama. To, amma cikin wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Timoti akwai ayar da ta nuna Ubangiji yana nufin dukan mutane da ceto. Sai Agustin ya ce "duka" a nan yana nufin kowane iri, watau sarki da talaka, mace da namiji, ba kowane mutum ɗaiɗai ba. Kalbin na Janiba, wanda ya rasu cikin 1564, ya bi wannan fassara.

Arminiyus, malami a Jami'ar Laidin ta ƙasar Holan, bai gamsu ba. Bayan rasuwarsa cikin 1609, almajiransa suka miƙa wa hukuma takardar ƙorafi mai batu 5 cikin 1610. Suka ce Almasihu ya mutu domin kowa da kowa, kuma mutum yana da ikon ƙin alherin da aka miƙa masa. Nan da nan siyasa ta shiga. Oldenbarnevelt, babban jigon mulki, ya kāre su, Yarima Moris, shugaban mayaƙa, ya tsaya wa abokan gābansu.

Ran 13 ga Nuwamba 1618 aka buɗe majalisa a birnin Dort, da wakilai daga Ingila da Siwizalan da waɗansu ƙasashen Jamus. Cikin Janairu 1619 aka kori almajiran Arminiyus daga zauren. Hukuncin da aka yanke ya rarrabe isa da amfani: mutuwar Almasihu ta isa ta fanshi duniya baki ɗaya, amma zaɓaɓɓu kaɗai za ta amfana. Ta haka aka bar wa kalmar "duniya" faɗinta, aka taƙaita aikinta.

Abin bai tsaya ga takarda ba. Ran 13 ga Mayu 1619 aka sare kan Oldenbarnevelt. Limamai wajen 200 aka tuɓe. Girotiyus masanin shari'a aka ɗaure shi rai da rai, sai cikin 1621 ya tsere a cikin akwatin littattafai. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba, don kuwa Jon Wesli na Ingila ya ɗauke shi, har cikin 1778 ya sa wa mujallarsa sunan Arminiyus.

Akwai abin lura a nan ga malaman harshe. Da Bahaushe ya ce mutanen gari duka sun fito kallon hawan salla, ba wanda zai tafi ƙirga gidaje. Da alƙali ya ce a kawo magada duka, ba a barin ko ɗaya. Nahawu bai raba biyun nan ba, muhallin magana ke rabawa. Saboda haka mai fassarar littafin addini, ko mai koyar da fassara a kwalejin horon malamai, lalle ne ya bar kalma da faɗin da ya same ta, kada ya yanke wa mai karatu hukuncin da malaman Dort suka yi wata shida suna ja-in-ja a kansa.