Mishan da talakan Gobir: daga Danja zuwa yunwar 1984

A shekarar 1924 ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka sauka Damagaram, bayan ƴan shekaru suka kafa zango a Tsibiri, babban birnin Gobir. Wa'azi ya kawo su, amma wa'azin bai samu kunnuwa ba. Malamai sun ƙi su, Faransawa masu mulki kuma ba su amince da baƙin da ke jin Turancin Ingilishi, suna shigowa ta Nijeriya, ba.

Ƙofar da ta buɗe musu ita ce ta marasa lafiya. A cikin Linjilar Matiyu, sura ta 25, an mayar da ciyar da mayunwaci da duba majinyaci ma'aunin hisabi, kuma da wannan suka yi riƙo. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a 1956 kuma gidan kutare na Danja, kudu da Maraɗi. A zamanin nan kuturu bayan gari yake kwana, ba a cin tuwo ƙwarya ɗaya da shi, bara ce sana'arsa. A Danja ya samu magani da ɗaki da wanda zai wanke masa gyambo ba tare da ƙyama ba.

Tun farko an yi zargin cewa maganin tarko ne. Zargin yana da tushe, domin kafin a ga likita akan saurari wa'azi, kuma mai ciwo ba ya gardama da mai magani. Sai dai in tarko ne, bai kama da yawa ba: a ƙidayar 2012 Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari na ƴan Nijar ba, alhali galibin masu kwanciya a Galmi Musulmi ne.

Yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya, ta sake tado wannan magana ta taimako mai sharaɗi. Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya, ya lura cewa kututturan sabara da kalgo da ke cikin gonaki ba su mutu ba, sassabe ne ke hana su tashi. Sai mishan ta haɗa rabon hatsi da sharaɗi: manomi ya bar tohon itace a gonarsa. Mutane suka yarda don yunwa. Da aka daina rabo, suka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan, kuma da wuya a ga laifinsu, tunda ba ra'ayinsu aka nema ba.

Waɗanda suka bar nasu suka samu itacen girki da abincin dabbobi, iska kuma ta rage binne musu shuka. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, babu hatsi, babu wa'azi. Dabarar da ake kira sassabin zamani ta bazu a Maraɗi da Damagaram, har aka ƙiyasta ta kai eka miliyan 5 ta ma'aunin Faransa.