Daga Maratta zuwa kwamfuta: yadda ake ceton rubutun magabata

Ƙasar nan tamu tana da rabo babba a tarihin ilimi. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan sa, a shekarar 1754. Bayan hijirarsa zuwa Gudu a 1804, Birnin Ƙonni na cikin garuruwan da jama'arsa suka fara gwabzawa da su. Ba da ji-ta-ji-ta muka san wannan ba: ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta labarin a Infaƙul Maisuri a 1812, ɗalibai suka yi ta kwafa da alƙalami da tawada har ya iso gare mu.

Sai dai takarda ba ta da ƙarfin dutse. A watan Mayun 1899 rundunar Vule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙonni. Abin da ya kuɓuta daga wuta kuma, gara da ɗigar damina suna cin sa a hankali. Mafi ciwo shi ne rabon gado: littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke a cikin gafaka, sai magada su raba littafi guda gida uku, kowa ya tafi da abin da ba zai karantu ba.

Yau akwai magani. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH, wanda tarinsa ya samo asali daga ƙoƙarin Bubu Hama, yana riƙe da dubban littattafai. A Tumbutu, bayan ƙonawar da aka yi a cibiyar Ahmad Baba a Janairun 2013, littattafan da aka kwashe zuwa Bamako an yi shekaru ana ɗaukar hotonsu shafi-shafi, ana adanawa a kwamfuta.

Amma ɗaukar hoton yana da ladubba, kamar ruwayar hadisi. Masana sukan ajiye ma'auni a gefen takarda domin a san girmanta. Sukan haska ta da fitila ta baya, sai tambarin masana'anta ya bayyana; sau da yawa jinjirin wata uku ne, alamar takardar Italiya da fatake suka ƙetaro Sahara da ita, kuma wannan yana taimakawa wajen kintata zamanin kwafin. Sukan bi kalmar da magabata ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafin gaba. Da ita ake sake haɗa littafin da magada suka raba, ko da rabinsa yana Illela rabinsa yana Sakkwato. Idan aka jera kwafi biyu a fuskar kwamfuta, tuntuɓen alƙalamin mai kwafa sai ya fito fili.

A ganina, kuskuren matasanmu masu ɗauka da wayar hannu shi ne barin shafin ƙarshe da rubutun gefe. A can ne mai kwafa yakan ambaci sunansa, da wanda ya rubuta wa littafin, wani lokaci har da ranar gamawa. Hoton da ya rasa wannan shafi ya zama ruwaya marar isnadi. Wanda yake da gafakar kakansa, ya fara da wannan shafin, ya rubuta sunan mai littafin da garinsu, sannan ya ajiye hotunan a wuri biyu, domin waya ma tana ɓata.