Tarihin Awon Jiragen Iska Kafin Tsere

Tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska ya daɗe da matsala guda: dogon jirgi mai manyan filafilai, wato ƙyallayen da ake ɗaurawa a jikin sanda domin su tari iska, kusan kullum yana riga ƙarami isa, ko da matuƙin ƙaramin ya fi gwaninta. Dalili ke nan da ya sa ake auna kowane jirgi kafin tsere, a ba shi lamba, sannan a yi amfani da ita wajen yi wa mai rauni rangwamen lokaci, ta yadda ba lallai ne wanda ya fara isa ya ci ba.

A Ingila, inda wannan al'ada ta kafu a ƙarni na 19, an fara ne da aron lissafin da ake ƙiyasta girman jiragen kaya da shi domin karɓar kuɗin tasha. A 1855 ƙungiyar Royal Thames ta ɗauki wani salon awo wanda yake ɗora nauyin lissafi a kan faɗin jirgi, bai kuma damu da ainihin zurfinsa ba. Maƙera ba su ɓata lokaci ba wajen gano wannan kafa, sai jiragen suka riƙa sirancewa suna ƙara zurfi, ana liƙa musu dalma mai yawa a gindi don kada su kife, har Turawa suka riƙa kwatanta su da allon katako da aka tsayar a kan gefensa. Dokar da aka kafa domin auna jirgi ita ce ta koma tana tsara siffarsa, kuma wannan shi ne babban aibin da ya bi dokokin da suka biyo baya.

Lokacin da wani mai suna Dixon Kemp ya kawo lissafin da ya dogara ga tsawon jirgi a daidai fuskar ruwa da kuma yawan filafilansa, sai maƙera suka miƙar da goshi da baya a saman ruwa, inda awo ba ya kaiwa. Jirgin Reliance, wanda Nathanael Herreshoff ya ƙera a Amurka a 1903 a ƙarƙashin doka makamanciyar wannan, bai kai ƙafa 90 a fuskar ruwa ba, amma gangar jikinsa ta haura ƙafa 140. Herreshoff ɗin ne da kansa ya tsara sabuwar doka da ta shigar da nauyin jirgi cikin lissafi.

Abin ya fi muni a dokar awo mai suna IOR ta shekarun 1970, wadda ta ƙarfafa ƙera jirage marasa nauyi, masu faɗin ciki. A tseren Fastnet na 1979 guguwa ta afka wa jirage 303, mutum 15 daga cikin masu tsere suka rasu, kuma binciken da ya biyo baya ya sa aka sake duba yadda jirgi yake miƙewa bayan igiyar ruwa ta kwantar da shi.

A yau hanyoyi biyu sun yi fice. A Amurka tsarin PHRF yana ba da rangwamen daƙiƙoƙi a kowane mil bisa saurin da irin jirgin ya nuna a tsere. Tsarin IRC kuwa, wanda ya samo asali daga haɗin gwiwar ƙungiyar RORC ta Ingila da takwararta ta Faransa, yana karɓar awo da nauyin jirgi, yana sabunta takardar shaida duk shekara, amma ba ya bayyana lissafinsa ga maƙera.