Daga Akurki Zuwa Kiret: Yadda Kaza Ta Haɗa Mu

Da aka ce mu rubuta tarihi don bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, sai muka zauna da iyayenmu da suka kafa ta, muka ce, "Inna, wai da me aka fara?" Mun zaci za su ce ɗinki ko ƙuli-ƙuli. Suka yi dariya suka ce da kaza aka fara, kazar ma matacciya.

A gidajenmu na Zariya da kewaye, kaza dukiyar mace ce tun kaka da kakanni. Amarya ta tare, gwaggo ta ba ta sagara ɗaya. Ta yi ƙwai, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta yi kiwonta a tsakar gida da dusa da gara da sauran tuwo. Da ita ake fita kunyar baƙo, da kuɗinta ake zubin adashi. Sai dai kowa ya san abin da hunturu ke zuwa da shi. Ciwo ya shigo unguwa, kaji su yi ta gyangyaɗi da koren zawo, wuya ya murɗe, kafin mako ya zagayo akurki ya zama wayam. A jiƙa maɗaci, a zuba barkono a ruwa, wadda ta yi rai ta yi.

Wannan ciwo shi likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, kuma yana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin sa. To amma ga inda gizo ke saƙar: kwalba ɗaya ta kaji ɗari ce ko fiye, sai an ajiye ta a sanyi, kuma da an haɗa ta da ruwa dole a ba kaji nan take. Mai kaji goma ta yi yaya da ita? Shi ya sa mata suka haɗa kuɗi, aka sayo kwalba a cikin kula da ƙanƙara, aka bi gida-gida da sassafe. A wannan shekara akurkinsu ya tsira, na maƙwabta ya ƙare. Littafin da aka rubuta sunayen masu karo-karon kwalbar, shi ne rajistarmu ta farko.

Daga nan ido ya buɗe. Ga cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello a nan Shika, kusa da mu, wadda ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown, mai jure zafin ƙasarmu. Wasunmu suka gyara ɗakin da ba a kwana, suka shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako, suka zuba 'yan tsaki. A nan muka koyi haƙuri, don kazar ƙwai sai ta ci abinci wajen wata biyar kafin ta ajiye ƙwai ko ɗaya. Da yawa sun cinye jarin kafin lokacin. Muka kuma gane kashin kaji ma kuɗi ne, masu noman rani har layi suke yi.

Sai 2006. A watan Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata babbar gona a Jaji, kan hanyarmu ta zuwa Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka. Gwamnatin Obasanjo ta ce za ta biya naira 250 kan kowace kaza da hukuma ta kashe. Wadda ta mutu da kanta fa? Babu ko sisi. Abin da ya fi yi mana illa ma ba ciwon ba ne, tsoro ne. Mutane suka ƙaurace wa kaza da ƙwai, masu shayi suka daina karɓa, ga kaji ba su san an daina saye ba, ci suke yi kullum. Akwai iyayenmu da suka sayar da kayan ɗaki don biyan bashin abinci, wasu kuma tun daga ranar ba su sake kiwo ba. Ba ma ganin laifinsu.

Dokokin da 'yan baya ke ƙorafi a kansu, a wannan shekara aka haife su: kada baƙo ya shiga ɗakin kaji, kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu, kuma kowace mamba ta riƙa zuba wani abu a asusun asara. Da ciwon ya dawo a farkon 2015 ta Kano da Legas, mun ji jiki, amma ba wadda ta sayar da gado.

Bayan nan ne Noiler ta shigo daga jihar Oyo. A ganinmu ita ta fi dacewa da mace mai wata sana'ar, don tana cin dusa da ganye kamar kazar Hausa, ga girma. Buroila kuwa mako shida zuwa takwas ta isa yanka, amma in ba ki da mai saye a hannu, kowace rana ta ƙara ribarki take ci. Mun ga haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardar naira: kiret-kiret na ƙwai jibge a ɗaki, mai saye na so, ba tsabar kuɗi. Aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin motar 'yan tsaki daga Ibadan ya tashi, masara ta bi bayansa, buhun abinci mai kilo 25 ya zama sai an yi shawara.

Yanzu ga takardun 'ya'yanmu a gaban kwamiti, kowacce na neman rance ta zuba buroila ɗari biyar kafin Sallah. Mun ji daɗin wannan himma, wallahi. Amma kuɗin na zawarawa ne da masu tuyar ƙosai, don haka kwamiti ya tsaya a kan tsarin da: a fara da kaɗan, a kawo littafin shiga da fita na zubi biyu, sannan a ƙara. Masu gida, ku ma don Allah a bar ɗaukar kazar jari ana yanka wa baƙi da sunan "za a biya".

Hunturu ya kusa. Mai son a sa kajinta a kwalbar bana ta ba ma'aji sunanta da adadin kajin kafin taron wata.