Daga Sakiyar Wanzami Zuwa Na'urar Gashi: Jinyar Ciwon Daji a Kudancin Jigawa

A zamanin kakanni, idan ƙari ya fito wa mace a nono, ko gyambo ya ƙi warkewa, mutanen Kangire da ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram wanzami suke kira. Ya yi ƙaho, ko ya gasa ƙarfe ya yi sakiya don mugunya ta fita. Mai magani ya kawo sassaƙen hano da ganyen sabara, a jiƙa a sha, a daka a shafa. Malam kuma ya ba da rubutu. Maruru da ƙurji sukan ji wannan magani, amma ciwon daji ci gaba yake yi da cin jiki.

Zuwan asibiti bai kawar da tsoro ba. Har gobe akwai masu cewa daji ba ya son allura. Asalin zancen a fili yake: sai an gama zagaye gidajen masu magani, ciwo ya riga ya bazu, sannan a ɗauki marar lafiya zuwa asibiti. In ya cika bayan 'yan kwanaki, sai a ɗora wa allura laifi.

Alhali Afirka na cikin wuraren da aka fara tabbatar da cewa magani yana kashe wani nau'in ciwon daji. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana ƙarin da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda. A Ibadan, Farfesa Victor Ngu ya yi wa irin waɗannan yara jinya da magunguna, kumburi ya riƙa sacewa. Su biyun suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972.

Gashi, wato ƙone ƙwayoyin ciwon da haske mai ƙarfi, ya fi daɗewa a hanya. Legas ta samu na'urar gashi ta kobal a 1973, Ibadan a 1987. Sai daga baya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya samu tasa, ya zama madogarar Arewa, kafin Sakkwato ta biyo baya.

A gida kuwa, an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, sannan a 2000 asibitin Birnin Kudu ya koma Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Tiyata ta matso kusa, haka ma yankar tsoka a aika gwaji. Amma a lokacin, wanda likita ya rubuta wa gashi sai ya kama hanyar Kano ya wuce gaba. Gashin ba na yini ɗaya ba ne. Kwana biyar ake yi a mako, har makonni da dama. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga abincin mai jinya. Manomi kan sayar da akuya da buhunan gero, wani har gona yake jinginarwa. In na'ura ta lalace, a dawo gida a jira.

Sabon babi ya buɗe a Oktoban 2023, lokacin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kyauta. Jigawa na cikin jihohin zagayen farko, kuma ma'aikatan lafiya sun bi makarantu da unguwanni da allurar, suna neman amincewar iyaye da masu gari.